Kwalayen da Gwaggo Ta Ƙona

Aikin gida da na ba 'yan ajina shi ya jawo maganar. Na ce kowa ya je ya tambayi manya a gida, ya rubuto kakanninsa da sana'ar da suka yi. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce to ni ma in kawo nawa su gani. Na ce ta yi gaskiya. Sai da na zauna da takarda na ga abin da na sani bai cika layi uku ba. Kakana na wajen uba mai gyaran agogo ne, ya rasu mahaifina yana goye, kuma a gidanmu ba a cika ambatonsa ba.

Mahaifina ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka ranar Asabar na tafi wurin Gwaggo, yayarsa. Shekararta saba'in da shida, amma har yau in ka ajiye kofi ba a mazauninsa ba sai ta tashi ta gyara, ta kuma gaya maka ta gyara. Mai Alli take ce mini tun ranar da na fara koyarwa, wai ko wanka na yi sai an ga farin alli a gwiwar hannuna.

Na same ta tana ninke wanki a kan gado. Muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini faɗan rama. Da na kawo zancen Kaka sai hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa. Ta ce wane irin malami ne wannan da ba ya barin matattu su huta. Na ce yara ne suka ƙure ni. Ta ce in rubuta mai gyaran agogo kawai, ai ba ƙarya na yi ba.

Na kusa yin haka. Har na sa takalmi ta kira ni in dawo in rufe ƙofa.

Abin da ta gaya mini ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta na shekara arba'in. Tana da shekara goma sha uku lokacin da Kaka ya rasu. Bayan kwana uku mahaifiyarsu ta ba ta tsintsiya da makullin shago, ta ce ta je ta share, gobe ma'aikatan kotu za su zo su rubuta kayan da ya bari. Shagon ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, taga ɗaya, bango cike da ƙusoshi, a kowace ƙusa agogon wani ne da aka kawo gyara. Kowane agogo kuma akwai guntun kwali a rataye da zare, an yanka bakinsa a karkace, duk sun yi ƙura. Ita abinci kawai take kai masa shagon, ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda yake karɓar aiki ba. Ta ɗauka tunin kansa ne yake ratayawa, kuma tunda mai tunin ya tafi, sun zama shara. Ta so baƙi su shigo su ga shagon ubanta fes. Ta ɗauki almakashinsa ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yanke, ta goge kowane agogo har yana ƙyalli, ta haɗa kwalayen da sauran shara ta kai bayan shagon ta cinna musu wuta.

Washegari mutane suka fara zuwa, kowa da rabin kwali a hannunsa. A nan ta gane. Kaka bai iya rubutu ba. In an kawo masa agogo sai ya yanka kwali biyu, ya ɗaura rabi a jikin agogon, ya ba mai shi rabi. Ranar karɓa sai a haɗa bakin biyun, in sun zauna daidai a ba ka kayanka.

Ta ce tana laɓe a bayan ƙofa ta ji wani mutum yana ɗaga murya a bakin shago, yana cewa in ba a fito masa da agogonsa ba sai duk unguwa ta san irin mutumin da aka binne. Kashegari aka ɗora mata jariri, wato mahaifina, aka tura su gidan ƙanwar mahaifiyarsu a wani gari. Bayan wata guda mahaifiyar ta biyo su da 'yan ƙunshin kaya, da Baffa, babban wansu. Shago ya rufe. Ba su sake taka wannan layin ba.

"Gudu muka yi, Mai Alli," in ji ta. "Mutumin da bai taɓa riƙe allurar wani ba, ni na sa aka kira shi ɓarawo yana kabari."

Na ce ƙila ba haka abin ya ƙare ba. Ta ce ita ma shekara sittin da uku tana gaya wa kanta ƙila. Yanzu likita ya ce zuciyarta ta fara gajiya, barci ya ƙi ta, kuma ba ta san da wane ido za ta kalli ubanta ba in sun haɗu. Na ce tunda kotu ta aiko an rubuta kaya, wataƙila takardar tana nan a ajiye. Sannan ta sa na yi mata alkawari: in na samo, zan karanta mata yadda take, daga farko zuwa ƙarshe, ba zan yi mata irin karatun da nake yi wa iyayen yaron da ya faɗi jarrabawa ba.

Ɗakin ajiyar tsofaffin takardun kotu yana ƙasan wani gini, sai an sauka matakala goma sha biyu. Warin tsohuwar takarda yake tarbar mutum tun daga ta uku. Matar da ke kula da wurin tana da tarin makullai a wuya da mura wadda ta ce ta girmi aikinta. Ta karɓe birona ta ba ni fensir, ta ce a nan tawada haramun ce. Na gaya mata sunan Kaka da shekarar da ya rasu. Ta sauko mini da wani ƙaton littafi, na bi shi layi-layi da rula kamar ina duba rajistar aji, har aka tashi ban ga komai ba.

Na koma ranar Laraba bayan an tashi daga makaranta. Ta tambaye ni a wane wata ya rasu. Na ce Gwaggo ta ce dab da ƙarshen shekara. Ta fyace hanci ta ce to ai laifina ne, da na faɗa tun farko. Su ba da ranar mutuwa suke jera fayil ba, da ranar da alƙali ya rufe shi ne. Ta sauko da littafin shekarar da ke biye. A shafi na huɗu na gan shi, sunansa, da kalma biyu a gefe: mai agogo.

Fayil ɗin siriri ne, an ɗaure shi da igiya wadda ta bar sawunta a jikin bangonsa. Matar ta kwance da kanta, ta ce kada in lashi yatsa in juya shafi, ta ga malamai da wannan hali.

Takardar da ke sama jerin kaya ce. Akawun da ya rubuta ta mutum ne mai tsari, hannunsa a miƙe, na ji da ɗalibina ne da na ba shi maki mai kyau. Ɗaki-ɗaki ya bi. A ɗakin kwana gado ɗaya na ƙarfe, akwatin katako, bargo biyu, fitila. A madafa tukwane, kwanuka uku, tulu mai tsaga a baki. Ban taɓa ganin gidan ba, amma kafin in kai ƙarshen shafin na san inda ƙofa take da inda haske yake shigowa. Sai shago: tebur, kujera mai gajeriyar ƙafa ɗaya, hantsaki huɗu, ƙananan sukundireba goma sha ɗaya a cikin gwangwani, kwalbar mai, gilashin ido ɗaya irin wanda ake maƙalawa a duba cikin agogo, almakashi.

A ƙasan shafin ya ja layi, ya rubuta: An iske agogo ashirin da uku na mutane a bango. Babu kwali a jikin ko ɗaya. Iyali sun ce an share shagon jiya.

Na ajiye fensir. Na zauna ina tunanin alkawarin da na yi, da yadda zan fitar da wannan layi daga bakina a gaban Gwaggo. Mai makullai ta leƙo ta ce ko in kawo maka ruwa ne. Na ce a'a. Ta ce to in ci gaba, mutane da yawa a shafin farko suke yin kuka su tafi, alhali fayil bai ƙare ba.

Takarda ta biyu wasiyya ce. Wani ma'aikacin asibiti ne ya rubuta masa ita, mako biyu kafin rasuwarsa, ga dangwalen babban yatsansa a ƙasa, ya ɗan goge ta gefe kamar hannun yana rawa. Maganarsa ce tsaf, ba a yi mata kwalliya ba. Ya ce gida da shagon na haya ne, kada matarsa ta wahalar da kanta da riƙe su. Ya riga ya yi magana da mijin ƙanwarta, akwai ɗaki biyu da ke jiransu a can, a tura yara da wuri kada su zauna cikin hayaniya. Kayan aiki a ba babban ɗansa in yana so, in ba ya so kada a tilasta masa.

Sai sakin layi mafi tsawo, wanda ya fi na gida da na yara tsawo, a kan agogunan mutane. Ya ce kada wanda zai raba su ya dogara da kwalin da ke rataye. Zare yana tsinkewa, ɓera yana cin kwali, shi don kwanciyar hankalin masu kaya kawai yake ratayawa. A buɗe murfin bayan kowane agogo. A ciki, ta gefen hagu, ya zana alama da tsinin allura, ƙarama, sai da gilashi ake ganinta. Irin wannan alamar tana bayan rabin kwalin da ke hannun mai agogon. Ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba.

Takarda ta uku ita ce na fi daɗewa a kanta. Akawun ya ja layuka ya yi gidaje huɗu: irin agogo, alama, hannun mai karɓa, rana. Ya kwaikwayi alamomin Kaka da alƙalaminsa ɗaya bayan ɗaya. Ga mai kama da tsani, ga ɗigo uku a kan layi, ga da'ira da wutsiya, ga wata kamar ƙafar kaza. A gaban kowace akwai sa hannu ko dangwale. Na ɗora rula na ƙirga sau biyu. Ashirin da biyu sun koma hannun masu su cikin kwana huɗu.

Na ashirin da uku agogon aljihu ne, kuma akawun ya yi masa bayani a gefe da ƙananan baƙaƙe. Mai shi ya zo ranar farko ba kwali, ya ce ya ɓata, ya yi hayaniya a bakin shago. An ce masa ba za a ba shi ba sai da shaida. Bayan kwana goma sha ɗaya ya dawo da rabin kwalin, matarsa ta tsinto a aljihun rigar da ta wanke, ya yi laushi amma alamar tana fita. An ba shi agogonsa. Akawun ya rufe da kalma huɗu: Ya ba da haƙuri.

Mai makullai ta ɗaukar mini hoton shafukan a injinsu, ta buga hatimi a bayan kowane. Ta ce ta ga ina murmushi, halan gida na gada. Na ce a'a, ba mu gaji komai ba. Ta ce to ni ne na farko da ya yi murna da haka a wannan ɗaki.

Ban jira Asabar ba. Da la'asar na isa gidan Gwaggo, na same ta a kujerar bakin taga. Ta ga ambulan a hannuna, ba ta amsa gaisuwata ba. Ta gyara zama, ta haɗa hannuwanta a cinya kamar mai jiran hukunci, ta ce in fara.

Na yi niyyar in fara da takarda ta uku, amma alkawari na yi. Na karanta gado da akwati da bargo. Na karanta tukwane. Da na zo kan kujera mai gajeriyar ƙafa sai ta rufe ido. Na karanta layin ƙasa yadda yake, ban sassauta ba. Ta ɗaga hannu ta ce ya isa, ta ji, abin da ta sani ne.

Na ce, "Gwaggo, daga farko zuwa ƙarshe kika ce. Saura shafi biyu."

Na karanta wasiyyar a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji shifta. Da na kai wurin ɓera da zare ta buɗe ido. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Sannan na miƙa mata shafi na uku, na ɗora yatsanta a kan alamomin, muka bi su tare tana ƙirgawa a fili. A na goma sha wani abu ta tsaya, ta share ido da bakin mayafi, ta koma daga ɗaya. Na bar ta. Da muka kai na ƙarshe na karanta mata bayanin mai hayaniya.

"A aljihun rigarsa," ta ce. "Ni ina bayan ƙofa ina rawar jiki, ashe abin yana aljihun rigarsa."

Sannan ta ce to in haka ne ba gudu suka yi ba kenan. Na ce Kaka ne ya tsara tafiyar tun yana asibiti, kafin ta taɓa tsintsiya. Ta jingina da kujera ta saki numfashi, kafaɗunta suka sauka. Sai a lokacin na lura kullum a ɗage na san su.

Can ta ce in kira mata Baffa. Baffa ya haura tamanin, kunnensa ya yi nauyi, waya da shi sai an buɗe murya. Na sa wayar yadda za mu ji mu biyu. Bayan doguwar gaisuwa Gwaggo ta tambaye shi ko ya tuna agogunan shagon babansu. Ya ce yaya zai manta, ai shi ya riƙe wa akawu gilashi kwana huɗu har idonsa ya yi ja, shi ya sa ya ce ba ya son sana'ar. Sai Gwaggo ta ce kwalayen nan da aka rasa, ita ce ta yanke su ta ƙona.

"Wa bai sani ba?" in ji Baffa. "Kin dawo gida da toka har a gira. Akawun ma cewa ya yi bai taɓa shiga shago mai tsabta irin wannan ba."

Gwaggo ta kalle ni, ta kalli wayar. Ta ce to me ya hana wani ya buɗe baki ya gaya mata an mayar wa mutane da kayansu. Baffa ya ce ai ba wanda ya san tana nema. Duk lokacin da aka ambaci babansu sai ta tashi ta bar ɗakin, ko ta kawo zancen wanki. Mahaifiyarsu ta ce a ƙyale ta, ita ce 'yar lelensa, ba ta jure jin sunansa. Shi ya sa kowa ya kama bakinsa a gabanta, har abin ya bi gida.

Ta ce masa tsohon banza, shekara sittin da uku. Ya ce me ta ce, bai ji ba. Ta ƙara murya ta ce ta ce Allah ya ƙara lafiya. Ya ce amin, ita ma haka, kuma in Mai Alli zai zo ya taho masa da batirin rediyo.

Da na kashe wayar ta fara dariya, irin wadda ke haɗe da hawaye, har sai da na tashi na ɗebo mata ruwa. Ta sha, ta ajiye kofin a ƙasa kusa da ƙafarta. Ta tambaye ni ko akwai sauran abinci a madafa, wai tun safe ba ta sa komai a bakinta ba, yanzu kuma ta ji yunwa kamar ta yi noma.

Tana ci tana ba ni labarin Kaka, wanda ban taɓa ji ba. Yadda yake riƙe numfashi in zai ɗora ƙaramin ƙarfe. Yadda ya hana kowa yin atishawa a shago. Yadda duk agogunan bango suke bugawa lokaci ɗaya da tsakar rana har mai ɗinkin takalmin da ke maƙwabtaka ya riƙa zagi ta taga. Na ciro takarda ina rubutawa, ta ce in rubuta da kyau tunda yara za su gani.

Da za ta wanke hannu ta ce in sake karanto mata shafin farko, wurin madafa. Na karanta: tukwane, kwanuka uku, tulu mai tsaga a baki.

Ta girgiza kai. Ta ce kwanukan huɗu ne, ɗaya yana gidan maƙwabta an kai musu abinci ba su dawo da shi ba. Ta ce in koma in gaya wa matar nan mai makullai a gyara.

Na ce mata ba a gyara takardar kotu bayan shekara sittin. Ta ce to in rubuta a tawa.